Zauren Magani: Wai jikin mutum ma yana yin tasa wiwin?

Tun bayan ƙaramar salla tambaya ɗaya ke ta dawo mini cikin riguna daban-daban. Wani ya ce "man CBD", wata ta ce "man hem", wani kuma ya fito fili ya ce wiwi, amma duk tsiro ɗaya suke nufi, kuma tambayar ita ce me abin da ake tatsowa daga gare shi ke yi wa jiki. Ni ma na gani da idona a kantina. Wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta, ta ɗora mini 'yar kwalba ruwan ƙasa a kan kanta, mai murfin ɗigawa irin na maganin ido, an zana koren ganye mai yatsu bakwai a jiki. Jikarta ce ta sayo mata ta waya, wai yana maganin sanyin ƙashi da hawan jini da rashin barci a lokaci guda. Na juya kwalbar gaba da baya: babu lambar NAFDAC, babu sunan wanda ya haɗa, babu ranar lalacewa. Shekara ashirin da shida ina harhaɗa magunguna, kuma duk maganin da aka ce mini yana warkar da komai, abin da na ga ya fi iyawa shi ne rage wa aljihu nauyi. Wannan makon na ba wa batun shafin gaba ɗaya.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. A majalisarmu wani ya ce masana sun gano jikin kowane mutum yana ƙera wiwi da kansa, har limamin unguwa, don haka mai sha ƙari kawai yake yi a kan abin da aka halicce shi da shi. Mun yi ta musu har aka kira isha'i. Mene ne gaskiyar magana? (Ɗalibi daga Samaru, Zariya)

AMSA: Ɗana, abokinka ya tsinci rabin labari a hanya ya ƙarasa sauran da son ransa. Bari in ba ka shi daga tushe.

A farkon shekarun 1960 wani masanin sinadarai a Isra'ila, Rafael Meshulam, ya je wurin 'yan sanda ya karɓo kilo 5 na hashish, wato ƙaron wiwi, da suka kama, ya sa a jaka ya hau bas ya koma Cibiyar Weizmann da ke Rehovot, fasinjoji na ta tambayar warin mene ne wannan. A 1964 shi da abokin aikinsa Gaoni suka tace sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC. Amma an fi shekara ashirin ba a san yadda yake aiki a ka ba. Sai a 1988 wata mai bincike a Amurka, Allyn Howlett, da ɗalibinta William Devane suka nuna cewa a ƙwaƙwalwar ɓera akwai wani gurbi na musamman da irin wannan sinadari ke faɗawa, kamar yadda ɗan dara ke zama daram a raminsa. Aka sa masa suna CB1. A 1993 aka gano na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki da saifa.

Nan tambayar ta juya. Ba a haƙa rami don baƙon da bai zama dole ya zo ba. In akwai gurbi, to akwai ɗan gida mai zama a ciki. A 1992, a Jami'ar Hibru ta birnin Ƙudus, ɗakin binciken Meshulam ya tsamo shi daga ƙwaƙwalwar alade, ɗan mitsitsi, suka kira shi anandamayid, daga wata kalmar tsohon harshen Indiya mai nufin ni'ima. A 1995 aka samo na biyu, 2-AG, wanda ya fi na farko yawa a ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Waɗannan 'yan gida biyu, da guraben nan biyu, da sinadaran da ke haɗa su da masu rushe su, su ake kira tsarin endokanabinoyid. Sunan ne ya ruɗi abokinka. An raɗa masa sunan tsiron ne kawai saboda ta hanyar tsiron aka gano shi. Kifi yana da wannan tsari, tsuntsu yana da shi, tunkiyar gidanku ma haka, kuma babu wanda ya taɓa naɗa musu ganye.

Aikinsa shi ne abin da ya fi burge ni a duk karatun da na yi na magani. Ƙwayoyin jijiya ba sa taɓa juna. Tsakanin kowace biyu akwai 'yar tazara. Ta farko takan fesa saƙo, ta biyu ta karɓa, kuma kusan kullum hanyar ɗaya ce, gaba. Ka tuna lokacin da ƙaninka ke zuba maka ruwa da buta kana wanke hannu. Shi ke da buta, amma kai ke jin ruwan, kai ne kuma za ka ce "ya isa". To idan saƙo ya yi wa ƙwayar da ke karɓa yawa, sai ta yanki ɗan maiƙo daga bangon jikinta, ta haɗa 2-AG nan take, ta tura shi baya zuwa ga mai fesawa. Ya zauna a gurbin CB1, mai fesawa ta rage hannu. Shi ke nan. Ba a tara shi a rumbu, sai buƙata ta taso ake yin sa, a daidai mahaɗar da ke da matsala, ba a maƙwabciyarta ba. Da ya isar da saƙo kuma masu shara na jiran sa: wani enzayim mai suna MAGL ya rushe 2-AG, wani mai suna FAAH ya rushe anandamayid, cikin daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintuna. Da wannan "ya isa" ɗin jiki ke daidaita zafin ciwo, da yunwa, da tsoro, da barci, har da manta abin da bai kamata a riƙe ba.

Yanzu kawo THC. Shi ba ya jiran a kira shi. Daga huhu ya shiga jini, cikin mintuna ya mamaye guraben CB1 na ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, inda ake buƙata da inda ba a buƙata, kuma masu sharar nan biyu ba su iya shi ba, sai hanta ta yi ta fama da shi awanni. Gida ne ya cika da masu ihun "ya isa" alhali ba a ma fara zuba ruwan ba. A sashen ajiye sabon tunani, mutum ya fara magana ya manta inda ya dosa. A sashen daidaita tafiya, ga sanyin jiki da jinkirin taka birki. A sashen yunwa, a tashi tukunyar gida da tsakar dare. In abin ya zama na kullum, ƙwaƙwalwa takan kare kanta ta janye wasu guraben. Hoton ƙwaƙwalwar masu sha kullum ya nuna raguwar kusan kashi 20 cikin 100 a wasu sassa, suna dawowa bayan kamar mako huɗu da dainawa. A tsakanin nan ɗan gida ya zo bai sami wurin zama ba. Shi ya sa wanda ya daina yake kwana ido biyu, abinci ya fita ransa, ya yi ta faɗa da kowa. Kuma wani babban bincike da aka buga a 2019, daga wurare 11 a Turai da Burazil, ya nuna masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku a haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar.

Kada ka ɗauka toshe guraben shi ne lafiya. A 2006 Turai ta amince da wani maganin rage ƙiba, rimonabant, wanda aikinsa toshe CB1. Ƙiba ta ragu kuwa, amma baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai suka bayyana, aka janye shi a 2008. Ta ɗaya gefen kuma akwai wata mata a Sikotlan, Jo Cameron, da aka ba da rahotonta a 2019: an haife ta da rauni a ƙwayar halittar FAAH, anandamayid ya yi mata yawa, ba ta jin ciwo, ba ta cika damuwa ba. Ka ce ta huta? Takan ƙone a murhu ba ta sani ba sai ta ji ƙaurin fatarta.

Hukunci na malamai ne, su za ka tambaya. Nawa shi ne in gaya maka cewa jiki yana yin sinadarai masu aiki irin na mofin ma, maganin kashe zafin ciwo ɗan'uwan kodin, amma ban taɓa jin wanda ya kafa hujja da hakan ya halatta wa kansa kodin ba. Ka gai da 'yan majalisa.

TAMBAYA: Na ga an rubuta sunan rama na kimiyya da kalma mai kama da ta wiwi. Shin kwaɗon rama da muke ci yana da alaƙa da ita? Hankalina ya tashi. (Wata uwargida daga Funtuwa)

AMSA: Hajiya, ki ci kwaɗonki da ƙuli-ƙuli hankali kwance. Kama da wane ba ta wane. Rama 'yar ɗakin su yakuwa da kuɓewa ce. An liƙa mata wannan suna ne don ganyenta mai yatsu ne, kuma ita ma ana yin igiya da ɓawonta. Babu THC a cikinta ko ɗigo. Abin dariya ma, in ana neman kayan miyar da ke taɓa wannan tsari, ba rama ba ce, kanumfari ne da masoro. Suna ɗauke da wani sinadarin ƙamshi da aka nuna a 2008 yana zama a gurbin CB2, na garkuwar jiki, wanda ba ya sa maye. Ba wanda kunun kanumfari ya taɓa bugarwa.

TAMBAYA: Malam, ɗana ɗan shekara bakwai yana da farfaɗiya. Shekara biyu yana shan sodiyam balfuruwet, ta ragu amma ba ta tafi ba. Wata mai sayarwa a intanet ta ce man CBD ɗinta, kwalba naira dubu 45, zai raba shi da ita har abada, amma sai na tsayar da na asibiti don kada su yi karo. Ta ce a Amurka likitoci ke ba da shi. Na gaji, Malam. Me zan yi? (Mahaifiya daga Gwale, Kano)

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da haƙurin da kike yi. Kafin komai: kada ki tsayar da maganinsa, ko na kwana ɗaya. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya tayar da bugun da ba ya tsayawa da kansa, kuma wannan yana kisa. Wanda duk ya ce ki yi haka, ko bai sani ba, ko bai damu ba.

Akwai gaskiya a maganarta, shi ya sa take da haɗari. CBD wani sinadari ne daban a cikin tsiron, ba ya sa maye. Ba ya zama daram a gurbin CB1 kamar THC. Yakan raɓa ta gefe ne ya ɗan sauya siffar gurbin, sannan yana taɓa wasu hanyoyi da dama da ba na wannan tsarin ba ma. A 2017 aka buga gwajin da aka yi kan yara da matasa 120 masu wata farfaɗiya mai taurin kai da ake kira Dravet. Waɗanda aka ba CBD, matsakaicin bugunsu a wata ya sauko daga 12.4 zuwa 5.9. Waɗanda aka ba na bogi, wato wanda babu CBD a ciki, daga 14.9 zuwa 14.1. A watan Yunin 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tataccen CBD mai suna Epidiolex don Dravet da wata mai suna Lennox-Gastaut, a 2020 aka ƙara wata cuta ta uku. To ki lura da abu uku da mai tallar ba ta faɗa miki ba. Nau'o'i ne ƙalilan masu wuyar samu, ba kowace farfaɗiya ba. Ragewa ya yi, ba warkarwa ba. Kuma yaran nan duk suna kan magungunansu na asali, ɗorawa aka yi a kai.

Ga lissafin da nake yi wa iyaye a bayan takardar rasit. Ana ba da Epidiolex tsakanin miligiram 10 zuwa 20 a kowane kilo na nauyin yaro, kowace rana. In ɗanki kilo 20 ne, yana buƙatar miligiram 200 zuwa 400 a yini. Dubi kwalbar: irin waɗanda ake kawo mini, da yawa an rubuta 500 ne a kwalbar gaba ɗaya. Wato ko da rubutun gaskiya ne, dubu 45 ɗinki ba za ta kai kwana uku ba. Ɗigo biyu a ƙarƙashin harshe da take cewa, tusa ce, ba ta hura wuta.

Rubutun ma ba abin dogaro ba ne. A 2017 masu bincike a Amurka suka sayi kayan CBD iri 84 a intanet suka auna. Kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta, kuma an sami THC a guda 18. Can ke nan, inda ake da masu sa ido. THC kuwa ba abin da za a ɗiga wa ƙwaƙwalwar ɗan shekara bakwai ba ne.

Sai batun hanta, wanda ya shafi ɗanki kai tsaye. CBD da balfuruwet in sun haɗu sukan wahalar da hanta, shi ya sa masu shan Epidiolex ake musu gwajin jini akai-akai. CBD kuma yana rage wa hanta saurin sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini. Kulobazam na farfaɗiya yana ciki, warfarin na tsinka jini ma haka. Dattijuwar da na ambata a sama, da na tambaye ta me take sha, sai ta zazzage mini leda guda. Ban bar ta ta tafi da kwalbar ba sai da jikar ta zo muka yi magana.

Abin yi: ki sami littafi ki riƙa rubuta ranar bugu, lokacinsa, da tsawonsa, in da hali a ɗauki bidiyo. Ki kai wa likitan ƙwaƙwalwar yara, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Yaro yana girma nauyinsa na ƙaruwa, sau da yawa maganin da ya ishe shi yana ɗan shekara biyar ya yi masa kaɗan yanzu, ko kuma a ƙara masa na biyu. In ta taso masa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa komai. Ta wuce minti biyar, asibiti.

TAMBAYA: Me ya sa yaran da ke shan abin da suke kira kolos suke sandarewa ko su faɗi suna shure-shure, alhali an ce ita ma wiwi ce? (Malamin sakandare daga Kaduna)

AMSA: Malam, domin yawancinta ba wiwi ba ce. Busasshen ganye ne kowane iri aka fesa masa sinadaran da aka ƙera a ɗakin gwaji. Asalinsu na bincike ne, masana suka haɗa su don nazarin guraben CB1, 'yan kasuwar ɓoye suka kwashi tsarin haɗin. THC da duk ɓarnarsa rabin murɗawa yake yi wa gurbin. Waɗannan har ƙarshe suke murɗa shi, wasu da ƙarfin da ya ninka sau da dama. Kuma feshin ba ya daidaita, ƙulli ɗaya ya zo da sauƙi, na kusa da shi ya kai yaro ga bugu, ciwon ƙoda ko tsayawar zuciya. A Saliyo irin wannan haɗi, da suke kira kush, wanda har sinadarai dangin mofin ake samu a ciki, ya sa Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024. In ɗalibi ya faɗi a makaranta, kada a tsaya bulala ko watsa ruwa, a ɗauke shi zuwa asibiti tare da ragowar abin da ya sha.

TAMBAYA: Ni direban babbar mota ne, ina zirga-zirga Kumasi zuwa Legas. Surukina ya ce Gana ta halatta wiwi, ya ba ni man hem don ciwon gwiwa. Kamfaninmu kan yi gwajin fitsari. Zai nuna? Kuma yana aiki? (Direba daga Zangon Kumasi)

AMSA: Alhaji, surukinka ya faɗaɗa labari. Dokar da Gana ta yi a 2020 ta ba da damar noman nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, da lasisi, don masana'antu da magani. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2022, majalisa ta sake zartar da shi a 2023. Naɗawa a sha laifi ne har gobe. Wannan iyaka ta 0.3 ita ce dai Amurka ta sa a dokar gonarta ta 2018. Hem da wiwi tsiro ɗaya ne, awon THC ne kawai ya raba su a takarda.

Ka duba kwalbar da kyau. In man ƙwayar iri ne, wanda aka matse kamar man gyaɗa, to man abinci ne, kusan babu CBD a ciki, domin sinadaran a fure da ganye suke. In kuma na fure ne, zai iya ɗauke da THC ko da ba a rubuta ba. THC yana laɓewa a kitsen jiki yana fita kaɗan-kaɗan, mai shan irin wannan mai kullum zai iya faɗuwa gwajin fitsari bai taɓa kunna ashana ba, kuma na'urar ba ta jin rantsuwa.

Gwiwa kuwa, an gwada. A Biyana ta ƙasar Ostiriya an ba masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa CBD miligiram 600 kullum har mako takwas a kan farasitamol, aka buga sakamakon a 2023: bai fi na bogi ba. Abin mamaki, shi farasitamol ɗin da kake saya a tasha, wani ɓangare na aikinsa ta wannan tsari yake bi, domin a ƙwaƙwalwa FAAH yana juya shi zuwa wani sinadari ɗan'uwan anandamayid. Abin da na fi gani yana taimakon direbobi shi ne rage tumbi, da sauka a miƙe ƙafa duk bayan awa biyu ko uku, da a duba gwiwar a asibiti a san ko zaizaya ce ko wani abu daban.

Dokar Najeriya, tun ta 1966, ba ta san wani 0.3 ba, tsiron da duk abin da aka tatso daga gare shi suna ɗaya suke amsawa, kuma jami'an NDLEA na nan a Seme. In za ka taso, ka bar wa surukinka kwalbarsa a Kumasi.